Yadda muka dawo da ajiyar hotunan sabarmu ta Mastodon hannunmu

Rubutu ba ya cika faifai. Duk wanda ya taɓa riƙe sabar Mastodon, wato kwamfutar da ke ɗauke da wannan dandalin sada zumunta mai kama da Twitter, ya san haka. Saƙo ɗaya bai wuce haruffa 500 ba in ba a taɓa saitin ba, kuma ko mutane sun kwana suna rubutu, abin da za su tara ba zai kai nauyin bidiyon biki guda ɗaya ba. Hoto kuwa ana karɓarsa har megabayit 16, bidiyo har 99. Su ne masu cin wuri, su ne masu cin kuɗi, kuma su ne in suka salwanta babu mai iya zama ya sake rubuto su da ka.

Sabarmu ƙarama ce. Mun buɗe ta a ƙarshen 2022, lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter jama'a suka yi ta ƙaura, amma tunanin ya girmi wannan lokacin. Tun watannin nan bakwai da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasunmu suka fara cewa ya kamata a ce muna da dandalin da makullinsa ke aljihunmu. Mastodon manhaja ce ta kyauta da Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016. Kowa na iya kafa sabarsa, sabobin kuma suna gaisawa da juna ta ƙa'idar ActivityPub, har mutumin wannan saba ya bi mutumin waccan ba tare da ya buɗe asusu a can ba. Mutanenmu akasari Hausa suke rubutawa: ɗalibai, malaman makaranta, 'yan kasuwa, masu ɗaukar hoto, wasu a Kano da Zariya da Kaduna, wasu a Maraɗi da Damagaram, wasu a Turai. Ni aka ɗora wa kula da na'urorin.

Abin da sabon mai saba ba ya saurin ganewa shi ne, mafi yawan abin da ke cika masa faifai ba na mutanensa ba ne. In mutuminka ɗaya ya bi wani mai ɗaukar hoto a Japan, duk hoton da wancan ya ɗora sai sabarka ta je ta ɗauko kwafinsa ta ajiye, don mutuminka ya gani daga gida. Haka hoton fuskar duk wani asusu da sabarka ta taɓa cin karo da shi, da hoton bangonsa, da ɗan hoton nan da ke fitowa ƙarƙashin adireshin labari. Duka suna taruwa a wata folda mai suna cache a cikin public/system. Akwai umarnin da ke fito da lissafin, tootctl media usage, kuma ranar da na fara buga shi na tarar kayan baƙi sun ninka namu ninkin ba ninkin. A kan wannan bambancin muka gina duk abin da ya biyo baya. Kayan baƙi in sun ɓace ana iya komawa inda suka fito a sake ɗaukowa. Namu in sun ɓace shi ke nan, domin sauran sabobin ma riƙon wucin gadi suke musu, bayan ɗan lokaci su share.

Da faifan na'urar da muke haya a Jamus ya fara cikowa, sai muka yi abin da kusan kowa ke yi: muka kama hayar ma'ajiya a wajen wani kamfani, irin wadda ke jin yaren S3. Amazon ce ta fito da S3 a 2006, daga baya tsarin ya zama yaren da ma'ajiyoyi da yawa ke ji. Ana buɗe abin da suke kira bokiti, a ba ka mabuɗai biyu, ka rubuta su a fayil ɗin saitin Mastodon mai suna .env.production tare da adireshin ma'ajiyar, Mastodon ta riƙa zuba hotuna can maimakon faifanta. Abu ɗaya da muka yi tun a lokacin, wanda nake roƙon duk mai kafa saba ya yi shi tun ranar farko, shi ne ware wa hotuna ƙaramin suna a ƙarƙashin sunan shafinmu, muka sa shi a S3_ALIAS_HOST. Dalili kuwa, adireshin kowane hoto yana bazuwa zuwa sauran sabobi, suna riƙe da shi yadda ya je musu. In adireshin na ɗauke da sunan kamfanin haya, ranar da ka tashi daga wajensu tsofaffin hotunanka sun mutu a idon duniya. In sunanka ne a kai, sai dai ka sauya inda sunan ke nunawa.

Hayar ta yi mana aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Amma da dala ake biya. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Bankuna da yawa kuma sun riga sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Kowane ƙarshen wata sai na nemi wani a waje ya biya mana, mu tura masa naira ta hannun 'yan canji. Mu kuwa karo-karo muke yi.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, da ke ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ajami da ya gada a gidansu yana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ke ciki da boko a ƙasa. Wasu takardun gara ta ci gefensu, wasu in ka ɗaga su sai su kakkarye. Na je gaishe shi, muna zaune a zaure, ya ce da ni: "Ɗana, waɗannan hotunan da nake sawa, a ina suke kwana?" Na ce, "Baba, a wajen wani kamfani ne a ƙasar waje, haya muke biya." Ya ce, "To watan da ba ku samu biya ba fa?" Na ce za su ba mu wa'adi, in ya wuce su share. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kyauta." Daga wannan zaman na tabbatar cewa ko da haya ta fi araha, dole a samu cikakken kwafi a kan faifan da za mu iya ɗauka da hannunmu.

Manhajojin da mutum zai kafa wa kansa ma'ajiya mai jin S3 suna da dama. Ceph babba ce, ta manyan cibiyoyi, tana son na'urori masu ƙarfi da mai kula da ita dare da rana. MinIO ta fi sauƙi, amma an gina ta ne don na'urorin da ke kusa da juna a kan layi mai sauri. Mu kuwa na'urorinmu za su kasance ƙasa da ƙasa. Sai muka tsaya a kan Garage, wadda wata ƙungiyar sa-kai ta Faransa mai suna Deuxfleurs ta rubuta da yaren Rust don buƙatar kanta, domin su ma tsofaffin kwamfutoci suke ajiyewa a gidajen membobinsu a garuruwa daban-daban. Fitowarta ta 1.0 ta zo a Afrilun 2024. Sun ce gigabayit 1 na ƙwaƙwalwa ya ishe ta, kuma tana jure jinkirin layi har milisakan 200. Wannan adadin na ƙarshe shi ya ja hankalina, domin daga Kano zuwa Jamus abin da nake gani a gwaji ya ɗan haura 100.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Tana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kimanin megabayit 1, ta yi mata lambar shaida daga abin da ke cikinta, ta ajiye ta a na'urori uku. Tana kuma riƙe da kundin rajista da ke faɗin wane fayil ne ya ƙunshi waɗanne gunduwoyi, shi ma kwafi uku. In an zo ajiya, da zarar biyu cikin uku sun ce sun karɓa, an gama, ta ukun ta cim musu daga baya. In an zo karatu, biyu ake tambaya a kan rajistar. Saboda haka in ɗaya ta faɗi babu wanda zai sani. In biyu suka faɗi tare, komai ya tsaya. Kowace na'ura kuma ana gaya wa Garage shiyyar da take, ita kuma ta tabbatar kwafi ukun ba su taru a shiyya ɗaya ba.

A nan ne muka fi daɗewa, ba a kan manhaja ba, a kan takarda da biro. Shirinmu na farko shi ne ɗaya a Jamus kusa da sabar, ɗaya a gidana a Kano, ɗaya a ofishin wani abokina a Kaduna. Ya yi mana daɗi a baki: biyu a gida, ɗaya a waje, kuma tsakanin Kano da Kaduna akwai fiye da kilomita 200. Amma duk muna tune da ranar 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Na ce da abokina, a irin wannan ranar Kano da Kaduna tare za su ɓace wa Jamus. Na'urar Jamus za ta rage ita kaɗai, ɗaya cikin uku, ba ta da ikon karɓa ba ta da ikon bayarwa, alhali duk hotunan suna kwance lafiya a cikinta. Haka in babban layin wuta ya faɗi, tare za mu shiga duhu.

Ya ce, "Mutumina, kenan nisan banza ne?" Na ce nisan yana maganin gobara da ɓarawo da ambaliya, amma ba ya maganin wuta da teku. Abin da Garage ke kira shiyya ba da kilomita ake auna shi ba. Duk na'urorin da abu ɗaya zai iya kashe su a lokaci ɗaya, shiyyarsu ɗaya, ko da tafiyar yini ce tsakaninsu. Manomi ya san wannan: shi ya sa yake riƙe gona a tudu da wata a fadama, don shekarar fari fadama ta ciyar da shi, shekarar ambaliya tudu ya ciyar da shi, gonaki biyu a fadama ɗaya kuwa gona ɗaya ce.

Turai ma ba ta tsira daga wannan lissafin ba. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfanin ba da hayar sabobi, a Strasbourg ta Faransa, shafuka masu ɗimbin yawa suka mutu, kuma wasu masu haya sun tarar ajiyarsu ta ko-ta-kwana ma a harabar take. Don haka ba mu yarda mu kama na'ura ta biyu a kamfanin da muke hayar ta farko ba. Sai Allah ya kawo mafita ta hannun wani ɗan'uwanmu mutumin Maraɗi da ke aiki a Faransa, yana da layin fayiba a gidansa, wuta kuma ba ta yankewa. Ya ce a kawo, zai ajiye ta a bayan talabijin. Tsarin ya zama Jamus, Faransa, Kano: kamfani daban, wuta daban, layi daban. Biyun Turai su ke riƙe da aikin yau da kullum. Ta Kano ba don sauri aka ajiye ta ba, mutanenmu har yanzu daga Jamus suke sauke hotuna. An ajiye ta ne don ranar da kati ya ƙi biya ko wata doka ta sauya. Na'urar Kaduna kuma muka ba ta wani aikin, zan zo kansa.

Ta Kano ƙaramar kwamfuta ce ta hannu da na saya a kasuwar Farm Centre, irin wadda ofisoshi ke maƙalawa a bayan allo, ba ta fi faɗin littafi ba. Wutar da take ci ba ta kai ta fankar sama ba. Na sa mata faifai biyu: ƙaramin SSD don kundin rajista, domin Mastodon fayiloli ƙanana take haifarwa bila adadin, kowane hoto da babbansa da ƙaraminsa, rajistar kuma ba ta hutawa; sai babban faifai mai juyawa don gunduwoyin. Ita da rauta na ɗora su a kan batirin solar gidan, na kuma shiga saitin BIOS na kunna abin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Na ɗaga ta daga ƙasa na sa a kan kantar ajiye kaya, a ɗakin da rana ba ta duka da yamma, saboda zafin Afrilu da Mayu a Kano yakan haura digiri 40, faifai mai juyawa kuma ba ya son haka. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Na yanko soson katifa siriri na rufe ramukan shan iskarta, duk Juma'a in cire in kakkaɓe, sai ka ga ya koma ja kamar an tsoma shi a jar ƙasa.

Maganar yankewar wuta ba ƙaramar magana ba ce a wajen Garage. Masu ita sun faɗa ƙarara cewa LMDB, wato abin da ke riƙe da rajista, na iya lalacewa in na'ura ta mutu ba zato. Sai na kunna metadata_fsync, wanda ke tilasta a rubuta rajistar a faifai kafin a ce an rubuta, na kuma sa metadata_auto_snapshot_interval don ta riƙa ajiye kwafin rajistar da kanta kowane awa shida. Kunna metadata_fsync yana rage saurin rubutu. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ragin bai kai a tsaya ciniki a kansa ba.

Sai matsalar yadda na'urorin za su ga juna. Garage na son kowace ta iya kiran kowace a ƙofa ta 3901. Ta Jamus na da adireshinta na fili. Ta Faransa ma an buɗe mata ƙofa a rautar gidan. Ta Kano kuwa kamfanin sadarwa ya cusa mu da yawa a bayan adireshi ɗaya, ina iya kira waje amma ba a iya kirana. Maganin shi ne WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urori, wadda ta shiga cikin Linux tun 2020. Ta Kano ce ke fara kiran sauran biyun, ta buɗe hanya, ta kuma riƙa aika ɗan saƙo kowane sakan 25 don kada hanyar ta rufe. Na kula na ba ta hanya biyu daban, ɗaya zuwa Jamus ɗaya zuwa Faransa kai tsaye. Da na bi da komai ta Jamus, ranar da Jamus ta faɗi sauran biyun ba za su ga juna ba, an koma gidan jiya.

Saitin kansa bai ɗauki lokaci ba. Fayil ɗaya ne a kowace na'ura, mai ɗauke da replication_factor = 3 da kalmar sirri guda da duka ukun suka sani. Na haɗa su, garage status ya nuna uku a raye, na ba kowace shiyyarta da girmanta da garage layout assign, na tabbatar da garage layout apply. Abin lura ɗaya: tunda shiyya uku ce kwafi uku, wurin da za ka samu shi ne girman mafi ƙanƙantarsu, sayen ƙaton faifai a wuri ɗaya ba ya ƙara komai. Na buɗe bokiti, na yanka wa Mastodon mabuɗi mai ikon karatu da rubutu a wannan bokitin kaɗai. Garage ba ta bin tsarin izinin fayil-fayil na Amazon, don haka hanyar buɗe hotuna ga jama'a ita ce garage bucket website --allow, a ba da su ta ƙofa ta 3902.

Kafin kwashe kaya sai da muka yi shara. Kamfanonin ajiya da yawa suna cajin fitar da data, ba dalilin biyan kuɗi don ɗauko abin da ba namu ba. Na buga tootctl media remove na share hotunan baƙi da suka wuce mako guda, na bi da tootctl preview_cards remove, sannan tootctl media remove-orphans ya kwashe fayilolin da babu saƙon da ke nuna su. Abin da ya rage ya sauko ƙasa da rabi. Daga nan rclone, manhajar kwafin fayiloli tsakanin ma'ajiyoyi, ya karɓi aiki, yana ɗauka daga tsohon bokiti yana zubawa a sabo, sabar kuma na ci gaba da aikinta, mutane na ta hira ba su san ana yi ba. Biyun Turai suka cika da wuri. Ta Kano ta ɗauki kwanaki tana jan nata a hankali. Akwai saitin da ake kira resync-tranquility, mai sa ta sassauta ko ta ƙara wuta. Da rana nakan sassauta don mutanen gida su samu intanet, bayan sallar isha'i in sake mata linzami. Na kan zauna ina kallon layin jiran yana raguwa a garage stats, fitilar faifan na ƙyaftawa ba tsayawa.

Daren sauyawa mun sanar tun da wuri cewa za a rufe na ɗan lokaci bayan sha biyu. Na tsayar da sabar, na sake gudanar da rclone ya kwaso abin da aka ɗora a kwanakin kwafin, na bi da rclone check ya gwada ɓangarorin biyu fayil da fayil har ya ce babu bambanci. Na sauya adireshi da mabuɗai a .env.production, na juya Nginx, mai tsaron ƙofar da ke karɓar buƙatun masu neman hotuna, ya daina nuna tsohuwar ma'ajiya ya nuna Garage, na ta da sassan sabar, wato mastodon-web da mastodon-sidekiq da mastodon-streaming. Abin da na fara buɗewa shafin Baba ne. Takardun ajamin suka fito ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora sabon hoto daga wayata, na roƙi wani da ke wata saba daban ya duba, ya ce ya gani. Tsohon bokitin ba mu rufe shi ba sai da wata ya zagayo.

Nginx ɗin nan da ke gaba ba ado ba ne. In mutum mai mabiya da yawa ya ɗora hoto, sabobin da mabiyansa suke duk za su zo ɗauka kusan a lokaci guda. Na ware masa wuri a faifan Jamus ya riƙa riƙe abin da aka nema na kwana biyu, na kunna proxy_cache_lock, wanda ke sa in buƙatu da yawa suka zo kan hoto ɗaya, guda ɗaya ce za ta wuce zuwa Garage, sauran su jira amsarta. Na kuma kunna proxy_cache_use_stale, don ko ma'ajiyar ta yi tuntuɓe ya ci gaba da ba da abin da ke hannunsa.

Wani abu da ke damuna har yau shi ne Mastodon bokiti ɗaya ta sani. Namu da na baƙi duk ciki take zubawa, ma'ana kowane bidiyon wani baƙo da ba wanda zai sake kallo sai an yi masa kwafi uku, ɗaya ya tsallako teku ya ci datar gidana. Da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai abin ya ƙara fitowa fili. Tun fitowa ta 4.0 akwai wurin da mai saba zai sa wa'adin riƙe kayan baƙi. Mun sa kwana uku. Wanda ya koma tsohon saƙo, sabar za ta sake ɗauko masa hoton. Sabobin da aka sani da ƙazanta kuma mun toshe su, wasu mun hana karɓar hotunansu kawai. Wannan ba maganar wuri ba ce kaɗai. Faifan nan a ɗakin mutum yake, a ƙarƙashin dokar ƙasar da yake zaune, ba zan so wani abin haram da wani ya ɗora a wata nahiya ya kwana a gidan ɗan'uwanmu na Faransa ba.

Akwai kuma amana ta ɗaya ɓangaren. Hotunan Mastodon ba a kulle suke ba, har waɗanda aka aika a saƙon sirri. Mai riƙe da faifai in ya so zai iya kaiwa gare su. Mun gaya wa mutanenmu haka a fili, mun faɗa musu ƙasashen da kwafin yake. Faifan gidaje biyun na kulle su da LUKS, don in ɓarawo ya ɗauke na'ura ƙarfe kawai ya ɗauka. Kullewar na da nata wahalar: duk tashin na'ura sai an sa kalmar sirri. Sai na bar ɓangaren da Linux ke tashi a buɗe, in ta tashi ta haɗa WireGuard ta turo mini saƙo, in shiga daga wayata in buɗe ɓangaren ajiyar. Mu biyu ne muka san kalmar.

Jarrabawar gaske ta zo a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Sola ta riƙe na'urar, amma intanet ɗin unguwarmu ya riƙa zuwa yana tafiya, wani lokaci yini guda babu. A garage status ta Kano ta koma layin waɗanda suka ɓace. Sabar ba ta ko girgiza ba. Waɗanda suka samu cajin waya suna ta ɗora hotunan layin masu cajin waya da na masu sayen ƙanƙara, biyun Turai na karɓa. Abokina na Kaduna ya kira ni ya ce su ma ofishinsu a rufe yake, man janareta ya gagara. Da layi ya daidaita, ta Kano ta gwada rajistarta da ta sauran, ta gano abin da ya wuce ta, ta jawo shi ba tare da na taɓa komai ba.

Kwafi uku ba ya maganin kuskuren hannu. In na buga umarnin sharewa a inda bai kamata ba, ko wani ya sace mabuɗin bokitin, Garage za ta share a wurare ukun da irin biyayyar da take ajiyewa, kuma ba ta riƙe tsohon zubi na fayil. Wannan shi ne aikin na'urar Kaduna. Ba ta cikin ukun, ba kuma wanda ke iya tura mata umarni daga sabar. Ita ce ke tashi da dare ta jawo, da mabuɗin karatu kawai, ta kwafi hotunan mutanenmu ban da foldar cache, abin da aka share ko aka sauya kuma ta matsar da shi gefe ta riƙe na wasu watanni. Tana haɗawa da kwafin da umarnin pg_dump ya fitar daga PostgreSQL, wato rumbun bayanan sabar, da fayil ɗin .env.production a kulle. Waɗannan biyun wajibi ne, domin in ka leƙa cikin bokitin ba sunan kowa za ka gani ba, foldoji ne masu lambobi uku-uku a cikin juna. Rumbun bayanai ne kaɗai ya san wace lamba ce takardar Baba, wace ce hoton ɗaurin auren wani.

Kuɗi kam mun rage, amma ba mu daina biya ba: hayar na'urar Jamus na nan da kuɗin Yuro, ga data, ga faifan da dole wata rana a sauya. Abin da ya ƙaru shi ne aiki. Garage na bin duk gunduwoyin da kanta lokaci-lokaci tana gwada su da lambar shaidarsu, in ta samu wadda ta lalace ta ɗauko mai kyau daga 'yar'uwarta, amma sai mutum ya duba garage block list-errors ya ga ko akwai abin da ya maƙale, ya duba lafiyar faifai da smartctl. Bayan kowane 'yan watanni nakan ɗauki wata kwamfuta da ba komai a cikinta, in ta da sabar daga ajiyar Kaduna kaɗai, in buɗe shafuka in ga hotuna sun fito. Na kuma gwada yanke ta Kano daga sauran, na sa ta a yanayin degraded da ke ba ta damar karatu ita kaɗai, na kwashe fayiloli daga cikinta zuwa wani faifan. Duk matakan nan na rubuta su da Hausa dalla-dalla, na buga a takarda, na ba wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta da ke cikinmu, wadda ita ce mutum ta biyu mai riƙe da kalmar sirrin. Gwajin da ya gabata ita ta yi shi daga farko har ƙarshe ina zaune ban sa mata baki ba, na gaba kuma za ta yi shi ne ba na ma garin.